Hazon da Ya Sauko da Rana Tsaka

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Salamarsa ta zauna a kanku, da kan waɗanda kuka baro a gida. Amin.

Sunana Rahila, amma yawancinku Maman Tabita kuka sani. Waɗanda ba su san fuskata ba sun san labarina, don na san an yi maganata a gidaje da yawa. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Da Fasto ya ce in tashi in ba da shaida, na ce masa, "Baba, tawa ba irin wadda ake yi wa guɗa ba ce." Ya ce in faɗe ta yadda take. To, ga ta.

Ni da maigidana Bitrus daga Zuru muka zo Sakkwato, tun ɗiyarmu Tabita tana goye. A Minanata muka kama ɗaki, a nan muka zauna har ta girma. Shi malamin dabbobi ne, mai yi wa shanu allura. Ni kuma ina da rumfar abinci a Sama Road, shinkafa da miya da tuwo, ma'aikatan ofisoshin nan su ne masu cinikina. Ba mu da arziki, amma gidanmu gidan dariya ne. Duk wanda ya san Baban Tabita a ƙungiyar mawaƙa zai tuna muryarsa. In ya ɗauki waƙa, har masu wucewa a titi suna rage tafiya.

Akwai wani falken shanu a Gidan Dahala, Alhaji Ummaru, mutumin kirki, Musulmi mai riƙon amana. Garkensa yana can cikin fadama, bakin gulbi, a hannun wani dattijon Bafulatani da ake kira Baba Manu. Maigidana ne ke duba masa dabbobin shekara da shekaru. "Likita" suke ce masa.

Wata rana cikin bazara, irin zafin nan namu da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka ƙasa, ya ce zai je fadama yin allura. Na ce ya tafi da ni a babur in sayo tumatir da albasa wajen masu lambu, don ya fi na kasuwa sauƙi. Da ma ban ce ba! Ko da yake, da ban je ba, da har yau ni ma ina cikin masu cewa ƙarya ce.

Mun isa rana tana tsaka. Na tsaya gindin wata bishiya inda ya kafe babur, ina fifita da bakin gyale. Shi yana can tsakiyar shanu tare da Baba Manu, ina jiyo dariyarsu. Sai na ji sanyi ya taɓa mini ƙafa.

Sanyi, 'yan'uwa. A Sakkwato, cikin bazara, da rana tsaka.

Na duba wajen gulbi, sai na ga wani farin hazo yana tahowa. Ba ƙura ba ce, ba hayaƙi ba ne, ba kuma irin hazon da kuka saba gani ba. Fari ne fat kamar auduga, jiƙaƙƙe, yana tafiya ƙasa-ƙasa kamar bango mai ƙafa. Babu iska ko kaɗan, amma yana tahowa. Yana da wari irin na ƙarfen da aka ƙona aka tsoma a ruwa. Tsuntsaye suka yi shiru. Shanun nan duk suka daina motsi, ko jela babu mai kaɗawa. Shirun ya yi nauyi har na ji kunnuwana sun toshe.

Na ƙwala kira, "Baban Tabita! Fito mu tafi!"

Ya taho da sauri, ya kusa isowa wurina, sai ya waiwaya. Hazon ya riga ya rufe Baba Manu da rabin garken. Ya ce, "Tsohon nan ba ya gani sosai. Tsaya nan, bari in jawo shi."

Na ce, "Kada ka shiga!"

Ya ce, "Yanzun nan zan fito."

Ya shiga. Na ga bayansa, na ga jakar magani a kafaɗarsa, sai fari ya haɗiye shi.

Daga nan na ɗaga kai. A saman hazon, cikinsa, akwai wani haske. Faffaɗa ne, kewayayye kamar faifai, amma ya fi filin majami'ar nan girma. Yana juyawa a hankali. Ba shi da ƙara, ba shi da fiffike, ba ya sama ba ya ƙasa. Haskensa ba ya kashe ido irin na rana, amma ina kallonsa ina jin kamar ana zuƙe mini ƙarfi. Na so in kira sunan Yesu, harshena ya ƙi ɗagawa. Ni da aka haifa a gidan masu bi, na kasa furta sunan! Sai na rungume babur ɗin nan na runtse ido.

A jina, ban daɗe ba ko kamar a ɗora ruwa ya tafasa. Amma da na buɗe ido, hazo babu, haske babu, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, daga ƙauyen da ke ƙetare ana kiran sallar magariba. Ina yinin ya tafi? Har yau ban sani ba.

Baba Manu yana zaune a ƙasa, yana ta salati. Maigidana yana tsaye, kayansa jiƙe sharkaf, fuskarsa a sama. Na taɓa hannunsa, sanyi kamar ƙanƙara. Na ce, "Me ka gani?" Ya dube ni kamar mutumin da aka tasa daga barci mai daɗi, yana jin haushin wanda ya tashe shi.

Wani mai lambu ne ya tuƙa mu zuwa gida. Da na tambaye shi ko ya ga abin da ya faru, ya ce shi dai ya hango fari a wajen gulbi, ya ɗauka ciyawa ake ƙonawa.

Daga ranar gidanmu ya mutu.

Mutum ya dawo, amma ba shi ba ne. Ana zafin da mutane ke kwana a waje, shi yana cikin rigar sanyi, ya lulluɓa da bargo. Abinci sai na yi da gaske yake taɓa loma biyu. Waƙa kuwa ya daina, ko a ranar Lahadi bakinsa a rufe. Na yi zaton tsoro ne ya kama shi, na yi ta lallashi ina cewa ya wuce, Allah ya tsare. Ashe ban fahimta ba.

Wata safiya ina shara, ya ce, "Maman Tabita."

Na yar da tsintsiya na zo da gudu, don ya daɗe bai kira ni ba.

Ya ce, "A cikin can babu zafi. Babu gajiya. Ban taɓa jin hutu irin wannan ba tun da aka haife ni. Me ya sa suka mai da ni?"

Na ce, "Su wa?"

Ya ce, "Ban ga fuska ba. Amma sun san ni."

'Yan'uwa, da a ce tsoro yake ji, da na san yadda zan yi da shi. Mai tsoro ana riƙe masa hannu. Amma mutumin da ke marmarin abin da ya cinye shi, ta ina za a kama shi?

Ya fara komawa fadama kullum. Ba don allura ba. Sai ya je gindin bishiyar nan ya zauna, ya zuba wa gulbi ido har rana ta faɗi. Masu shanu suka gaji da kiran wayarsa, suka nemi wani. Na ɓoye makullin babur, ya tafi a ƙasa. Na kulle ƙofa, ya zauna a bayanta yana kuka kamar jariri, har sai da na buɗe.

Alhaji Ummaru ya zo har gida da kansa, da cinyar saniya a leda. Ya zauna ya daɗe yana kallon abokinsa. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Maman Tabita, tun ina ƙarami nike bin shanu cikin fadamar ga, ban taɓa jin irinai ba. Manu ya ce shi ba ya ƙara kwana nan, ya kwashe iyalinai ya yi arewa. Shanun da abin ya ruhe sun bar ba da nono, sai ramewa su kai. Mu dai mun ce mutanen ɓoye na. Ku yi mai irin taku addu'a, mu ma muna yi mai tamu."

Kuma mun yi. Wace addu'a ce ba mu yi ba? Dattawan ikilisiya sun zo sun ɗora masa hannu. Zumuntar mata sun yi azumi tare da ni. Na kai shi wurin wani mai addu'ar warkarwa a bayan gari, aka yi ta tsawa ana zuba masa mai, shi yana zaune yana kallon taga. Na kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, likita ya saurare ni da haƙuri, ya ce wataƙila zafin rana ne ya buga shi ya taɓa masa tunani. Na ce, "Likita, to ni fa? Ni ma na gani." Ya dube ni, ya rubuta mana magani mu biyu.

Maganin yana sa shi barci. In ya farka, sai ya nemi takalmansa.

Tabita a lokacin tana karatun koyon aikin jinya. Wata rana ta dawo ta zauna kusa da ni da wayarta, ta ce, "Mama, kalli nan. Ba mu kaɗai ba ne." Ta nuna mini mutane a wasu ƙasashe, farare da baƙaƙe, suna ba da labari, tana fassara mini. Wannan ya ce yana tuƙi hazo ya rufe hanya. Waccan ta ce ta ga haske kewayayye a saman gonarta, da ta farga yini ya wuce. Ta ce Turawa yufo suke ce masa, wai wani abu ne da ke yawo a sararin sama ba a san ko mene ne ba, wasu suna cewa halittu ne daga wata duniya.

Yarinyar ta yi ne don in ji sanyi. Na ce, "To, a cikinsu akwai wanda ya faɗi maganinsa?" Ta yi ta dubawa. Babu. Kowa labari yake bayarwa, ba wanda ya ce ga yadda aka warke. Sai abin ya ƙara mini duhu. Da ina ganin masifar fadamarmu ce kawai, ashe ta game duniya, kuma masu jirage da manyan makarantu ma ba su san kanta ba. Ni mai sayar da tuwo, ina zan kai kukana?

Labari ya bazu. Wasu samari suka bi shi har gindin bishiya suka ɗauke shi a waya, suna tambayarsa yaushe jirginsa zai sauka. Aka yi ta turawa ana dariya. Mutumin da ya yi wa rabin garin nan hidima ya zama abin nishaɗi! A cikin majami'a ma, na ga bencin da muke zama ya fara yin fili. Wata 'yar'uwa ta janye ɗanta da maigidana ya miƙa masa hannu. Na gani.

Sannan abin ya juyo kaina.

Wata rana a rumfa na buɗe tukunyar shinkafa, tururi ya taso fari ya rufe mini fuska. Sai na ji warin ƙarfen nan. Na ji sanyin nan a ƙafata. Na saki murfi, na ture tukunya, ruwan zafi ya kwarara mini a ƙafa. Ga tabon nan har yau. Masu cin abinci suka miƙe suna salati, ni kuwa ina ƙarƙashin tebur ina ihu.

Daga ranar na kasa buɗe tukunya. Ku yi tunani, mace mai sana'ar abinci tana tsoron tururi! Hayaƙin murhu, hayaƙin bayan mota, ko turaren wuta a gidan maƙwabta, da na ga fari yana tashi sai numfashina ya ɗauke. Rumfa ta rufe. Tabita ta ajiye karatu ta dawo gida tana dafa mana, ni ina ɗaki na juya wa ƙofa baya, ubanta yana fadama. Haka muka ci wannan shekarar, muka shiga wata.

Na daina addu'a. Ba fushi na yi da Allah ba, da fushi ne da da sauƙi. Gani na yi kamar sama ta yi faɗi da yawa, cike da abubuwan da ba a faɗa mana ba, kuma muryata ba za ta kai ko'ina ba. Ina zuwa sujada, ina tashi in an tashi, ina zama in an zauna. Ciki kuwa fanko.

Da damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya batse, wata safiya na tashi ban gan shi ba. Ba abin mamaki ba ne, kullum yana fita. Amma a ranar ya ninke bargonsa ya ajiye a kan gado, ya ɗora rigar sanyin a kai. Tun ranar da abin ya faru bai taɓa fita babu rigar nan ba. Da na gan ta, na ƙwala wa Tabita kira.

Muka ruga fadama ni da Tabita. Masu noman shinkafa suka ce da sassafe hazo ya kwanta a kan ruwa, irin wanda akan yi bayan an sha ruwan sama, kuma sun ga Likita ya nufi can yana sauri, fuskarsa a sake, har ya ɗaga musu hannu. Wani ya ce ya ji shi yana waƙa. Yana waƙa, 'yan'uwa! Ni da na yi ta roƙon in sake jin muryar nan, ba a gabana ya yi ba.

A bakin ruwa muka tarar da takalmansa, an jera su gefe guda.

Alhaji Ummaru ya tara masunta da jiragensu, suka bi gulbi har ƙauyukan da ke gaba. Matasan ikilisiya suka bi gaɓa a ƙasa. An sanar da hukuma, an duba asibitoci, an duba inda ake ajiye gawa. Babu shi, babu gawarsa, babu ko ƙyallen rigarsa. Wasu suka ce ruwa ya ci shi. Wasu suka ce abin da yake jira ne ya zo. Wasu suka ce ya bi duniya ne kawai, kamar yadda masu taɓin hankali kan yi.

Wanda ya mutu ana binne shi, a yi kuka, a yi ta'aziyya, a watse. Ni me zan yi? Dangin mijina suka zo daga Zuru, suka zauna kwanaki, aka rasa ko gaisuwar mutuwa za a yi ko ta jaje. Ranar da aka kira gwauraye su fito gaba a yi musu addu'a, na ɗaga jiki zan tashi, sai na koma na zauna. Ni matar aure ce, ko gwauruwa? Ba wanda ya iya faɗa mini. In an taɓa ƙofa, sai in ruga in buɗe. In waya ta yi ƙara, sai in yi wuf in ɗauka. Ba a ba ni shi ba, ba a kuma karɓe shi gaba ɗaya ba.

Sai wani tunani ya fara zuwa mini, a hankali, da murya mai taushi. Ya ce a can babu zafi, babu gajiya. To ke me kike jira a nan? Da farko na kore shi. Daga baya na bar shi ya zauna. Abin da na fi tsoro a duniya, shi na fara marmari.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na ce wa Tabita zan je kasuwa. Na hau babur ɗin haya ya sauke ni a bakin fadama. Hazo yana kwance a kan gulbi, fari, shiru. Na bi ta cikin kunyoyin shinkafa har inda muka tsinci takalmansa. Na cire nawa. Na shiga, ruwa ya kawo mini idon sawu, ya kawo gwiwa. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne mafi muni.

Ban san daga ina maganar ta fito ba, don na daɗe ban yi addu'a ba. Bakina ne kawai ya buɗe. Na ce, "Yesu, ni ban san abin da ke cikin samanka ba. Ban san inda mijina yake ba. Ba ni da ƙarfin juyawa. In kana ganina, ka riƙe ni, don ni na saki kaina."

Sunan da ya ƙi fita a ranar farko, a ranar ya fita.

Ba a buɗe sama ba. Ban ji murya ba. Abin da na ji, hannu ne ya damƙe mini wuyan hannu, hannu mai kaushi, mai ɗumi. Na waiwaya, sai ga wata tsohuwa, zanenta ɗaure a ƙirji, ta shigo ruwan har cinya. Matar wani manomin shinkafa ce, daga baya na ji sunanta Inna Hajo. Ta zo korar tsuntsaye ne a gonarsu.

Ta ce, "Ɗiyata, mi kika nema cikin ruwan ga? Nan gaba kaɗan rami na."

Na ce, "Inna, ki sake ni. Mijina yana can."

Ta ce, "Na san ki, ke ce matar Likita. In yana can, Allah na tare da shi. Ke kam ba ki zuwa yau. Taho."

Tsohuwar nan ba ta kai kafaɗata ba, amma na kasa ƙwacewa. Ta ja ni har tudu, ta ce, "Zamna." Na zauna. Ta kwance ƙwaryar kununta, ta buɗe faifan. Kunu da zafinsa, tururi ya taso fari a gaban fuskata. Na ja baya zan yi ihu. Ta riƙe mini ƙeya kamar yadda ake yi wa jinjiri, ta kafa mini ƙwaryar a baki, ta ce, "Sha. Gero na, ba komi ba na."

Na sha, ina kuka, tururin yana shiga mini hanci. Ƙamshin gero ne da tsamiya. Muna zaune a nan rana ta ɗago, hazon ya yi ta sirancewa har na hango ƙetare, da bishiyoyi, da mutane suna aiki. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta tambaye ni addinina ba. Ta raka ni har bakin titi, ta tsaya sai da ta ga na hau babur.

Ku kira shi yadda kuka ga dama. Ni na san na yi kira, kuma an riƙe ni. Yabo ga Ubangiji!

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Ban warke a rana ɗaya ba. Na daɗe ina tsayawa daga bakin ƙofar kicin, Tabita tana buɗe tukunya ina kallo daga nesa. Daga baya na matso. Daga baya na riƙe murfin da kaina, ina kiran sunan Yesu. Yanzu na koma rumfa, ko da yake rabin masu cinikina sun saba da wani wuri. Tabita ba ta koma makaranta ba tukuna. Yarinyar da ke da surutu ta zama mai shiru, kuma wannan yana cina. Akwai ranakun da har yanzu ba na iya tashi daga gado. Abin da muka gani a fadama kuwa, ban san ko mene ne ba, Fasto bai sani ba, likita bai sani ba, kuma na daina sa ran zan sani a wannan duniya.

Baban Tabita bai dawo ba.

Kwanan baya wani direba ya zo rumfa ya ce ya ga wani mutum a tashar Illela, dogo, baƙi, ba shi da takalmi, yana zaune yana kallon sama, wai kamarsu ɗaya. Na rufe rumfa a take na shiga mota. Duk tsawon hanya ina shirya abin da zan ce masa. Na isa, aka nuna mini shi a gindin wani kango. Na zagaya ta gabansa, na durƙusa, na leƙa fuskarsa.

Ba shi ba ne. Ɗan wasu ne, mijin wata, wanda su ma wataƙila suna can suna nema.

Na sayo masa shinkafa da ruwa, na zauna kusa da shi har ya cinye. Na sayo masa silifa a bakin tasha na sa masa a ƙafa. Sannan na shiga motar dawowa. Na yi kuka tun daga Illela har muka hango Sakkwato. Amma da muka hau gadar gulbi, na dubi ruwan ta taga, na ga ruwa ne kawai. Bai kira ni ba. Abin da ke raina a lokacin, Tabita ba ta ci abincin rana ba, in yi sauri in isa gida.

Wannan ita ce shaidata. Ba ta da yawa, na sani. Wasu suna tashi a nan su ce an ba su haihuwa, an ba su aiki, an tashe su daga gadon asibiti. Ni abin da aka ba ni, ina raye, kuma ɗiyata ba ta rasa iyaye biyu ba. Na gode wa Yesu saboda wannan. Na gode masa saboda tsohuwar da ya aiko, da Alhaji Ummaru da har yau bai daina aiko mana da nama ba, da ku da kuka yi azumi tare da ni.

In akwai wani a nan da ya kai inda na kai, wanda ya gaji har ya daina jin tsoro, ina roƙonka, kada ka tafi kai kaɗai ka yi shiru. Ka faɗa wa wani. Ka kira sunan Yesu ko da ba ka ji komai a zuciyarka ba, ko da kana ganin ba mai saurare. Ba sai ka fahimci abin da ya same ka ba kafin ya riƙe ka. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko a ranar da bai ba ku amsa ba.

Kuma in kun durƙusa, ku tuna da Bitrus. Ku ambace shi da suna. Duk inda yake, a ƙarƙashin ruwa ko a kan hanya ko inda ban san sunansa ba, bai fita daga hannun Allah ba.

Cikin sunan Yesu. Amin.